Ɗakin Goyo

A Rapid City, ranar Talata cikin Fabrairu,
sanyin da ke daskarar da gashin hanci,
muka tsaya ni da Lantana a filin dillali.
Motoci jere, kowace da hular ƙanƙara.

Shekara ashirin da bakwai ina kwance ƙarƙashin motocin makaranta,
ina ɗaure abin da zai mayar da 'ya'yan wasu gida.
Yanzu hannu ya huta, ƙafa ce ke ƙaiƙayi.

Na nufi wata jar akori-kura mai ƙirjin bijimi.
Dillalin, Orval, tsoho mai yatsa huɗu a hagu,
ya ce, "Dakata. Ɗakin ake fara zaɓa, sannan mai goya shi."
Lantana ta yi dariya cikin mayafi:
"Ka ji ƙasa! Sai an ga jariri ake neman uwa."

Muka hau na farko.
Fes, kamar ɗakin otal, bango kuwa kwali.
Na dafa shi, sanyi ya gaishe ni har gwiwar hannu.
Na biyu rufinsa ɗagawa ake, gefensa tamfol,
mai kyau ne ga wanda tafiyarsa ta bazara ce.
Mu ba bazara kaɗai muka zo saya ba.

Na uku ba shi da kyan gani.
Amma taga gilashi biyu, tankin ruwa a ciki,
kusa da murhu, inda bututu ba zai fashe da asuba ba.
Lantana ba ta dubi wannan ba.
Ta ce, "Tsaya ka yi kabbara."
Na ɗaga hannu, ban taɓa rufi ba.
"Yi sujada."
Goshina ya sauka taki ɗaya kafin ƙofa.
Ta ce, "To. Alƙibla kuma kullum sai mun tambaya,
tun da gidan ma bai san inda zai kwana ba."

Sai lissafi.
Orval ya buɗe ƙofar jar motar, ya nuna ɗan tambari a jikin ƙarfe:
iyakar abin da za ta ɗauka ke nan, ba ƙari, ba alfarma.
Na sa ɗakin. Na sa ruwa, tukunyar gas biyu, batir,
ni, ita, buhun shinkafa, sarƙar taya.
Bijimin nawa ya durƙusa a kan takarda.
Daidai ruwa daidai tsaki.

Can ƙarshen fili akwai wata fara, ta hannu,
taya huɗu a baya, ƙugu kamar na mai daka,
tsatsa kaɗan a gindin ƙofa.
Fetur take sha. Na so mai dizal,
amma na san halin dizal in dare ya yi sanyi:
ya kan yi kauri kamar kunun jiya.
Na shiga ƙarƙashinta da tocila, na daɗe.
Ba ta yi mini ƙarya ko ɗaya ba.

Ranar Asabar muka hau sikelin manyan motoci.
Kilo talatin ya yi yawa.
Ta dubi akwatin sifanuna, na dubi turminta,
turmin da ya ƙetare teku a cikin zanen gado.
Ba wanda ya ce uffan.

Da dare na sauke kwalaye uku:
rasit, takardun haya, wasiƙun ofishin shige da fice,
duk shaidar cewa mun taɓa zama wuri ɗaya.
Muka kai wa 'yarmu Ramlatu, ta tura ƙarƙashin bene.

Mun kwana a bakin duwatsu, iska na jijjiga mu.
Murhu ya tashi sau shida, na ƙirga.
Da asuba na murɗa famfo ina riƙe da numfashi.
Ya yi tari,
ya sake tari,
ruwa ya zo.
Lantana daga cikin bargo ta ce, "Kudu ko yamma?"
Na ce bari in fara kankare gilashi.